Dodon Hoto da Sunan Mai Hoto: Tsokaci a Kan Adana Hotunan Iyali

Gabatarwa

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a yau, a birni ko a ƙauye, a rasa tsofaffin hotuna a wani lungu. Wasu suna cikin albam, wasu a ƙasan adaka tare da takardun gona da na haraji, wasu an cusa su a tsakanin shafukan littafi, wasu kuwa suna rataye a bango har rana da hayaƙi sun cinye fuskokin da ke jikinsu. Akwai hoton fasfo na zuwa Makka, da hoton 'yan aji bakwai a bayan allon da aka rubuta sunan makarantarsu, da na amarya a tsakiyar ƙawayenta, da na maigida dafe da sabon kekensa. Ra'ayin da wannan muƙala ke ɗauke da shi shi ne, waɗannan hotuna takardun tarihi ne, daidai da kowace takarda da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi, kuma abubuwa biyu ne suka fi saurin hallaka su: zubar da dodonsu, da rashin rubuta sunayen mutanen da ke cikinsu. Gara da danshi suna biye ne a baya.

Ita kanta kalmar "hoto" baƙuwa ce a Hausa. An aro ta daga Ingilishi, sai harshen ya bi da ita ta hanyar da ya saba bi da sautin /f/ idan ya zo kafin wasalin /o/ ko /u/, wato ya mayar da shi /h/, kamar yadda ake samun "tsoho" da "tsofaffi" daga tushe guda. Da kalmar ta zauna da gindinta, sai ta haifi ma'ana ta biyu. Idan aka ce wane "hoto ne kawai" a ofishinsa, ana nufin yana nan a zaune amma ba shi da ta cewa. Wannan faɗaɗar ma'ana tana tona matsayin hoto a tunanin jama'a: siffa ce mara nauyi, abin kallo na ɗan lokaci. Abin da aka yi wa wannan ɗauka kuwa ba a ɗinka masa gafaka.

Alhali kuwa Hausawa ne suka ce gani ya kori ji. An kafa hukumar adana takardun tarihi ta Nijeriya a 1954, kuma tana da babban reshe a Kaduna. An buɗe Gidan Arewa a 1970 a gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna. Mai bincike zai tarar da abubuwa masu daraja a waɗannan wurare, amma galibinsu rahotannin hukuma ne da hotunan sarakuna da gwamnoni da manyan bukukuwa irin hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Yadda matar manomi ta ɗaura zanenta ranar suna, da irin kitson da 'yan mata suka yi yayi a wata shekara, da fasalin zauren da aka rushe aka gina shago a wurinsa, duk waɗannan sai a adakar gida. Ɗalibin al'ada da ke son ya ga bambancin aska biyu da aska takwas a jikin mutumin da ya sa rigar don kansa, ko ya ga doka a kan mace, ko hular haɓar-kada, can zai same su. Haka nan tsagar gado. Aski da tsagar da ke bambanta Bagobiri da Bakabe da Badauri suna ƙarewa tare da tsofaffin da ke ɗauke da su, musamman da yake dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Nan gaba kaɗan, hoton kaka ne kawai zai nuna wa jika yadda fuskar gidansu take.

Dodon hoto

Ɗalibin da aka haifa bayan shekarar 2000 mai yiwuwa ne bai taɓa riƙe dodon hoto a hannunsa ba, saboda haka ya kyautu a bayyana shi. Kafin zuwan kyamarar da ke ajiye hoto a ƙwaƙwalwarta, fim ake zuba wa kyamara. Fim wani siririn falle ne na roba mai tsawo, wanda aka fi sani faɗinsa milimita 35 ne. An shafe fuskarsa da wani irin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, an cuɗa danƙon da sinadarin azurfa mai jin haske. Naɗi ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36. Idan ya cika sai a kai shi wurin wanki, a tsoma shi cikin sinadarai a cikin duhu, sai surar ta bayyana a juye: farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara fat. Duk wanda ya ɗaga shi ya duba a haske zai gane dalilin da ya sa aka laƙaba masa suna dodo. Daga jikin dodon nan ake haska sura a kan takarda, a sami hoton da kowa ya sani. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Fox Talbot, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1841.

Ke nan dodo shi ne uwa, hoton takarda kuwa ɗa ne. Daga dodo ɗaya ana iya wanke hoto ɗari, kuma yana riƙe da bayanan da ƙaramar takarda ba ta iya fitarwa. Zaren aikin wuyan riga, da lambar mota, da rubutun da ke kan allo a bayan ɗalibai, waɗanda suka dushe a takarda, sukan fito sarai idan aka ɗora dodon a na'urar kwafe hoto ta zamani. Duk da haka, abin da aka saba yi shi ne, idan aka karɓo ambulan daga wurin wanki sai a zare hotunan a rarraba, guntayen fim ɗin kuwa a bar wa yara su yi wasan majigi da su. An riƙe ɗa an jefar da uwa.

Hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto kuwa, dodonsa yakan zauna ne a wurin mai shagon, don idan ana son ƙari a dawo masa. Da kyamarar zamani da wayar hannu suka kashe kasuwar fim a shekarun 2000, shaguna da yawa sun rufe ko sun sauya sana'a, kwalayen dodanni kuma suka bi shara. A nan ne asarar ta fi girma, domin kwalin mai hoto guda ɗaya yana ɗauke da fuskokin gari sukutum na tsawon shekara ashirin ko talatin. Labarin Seydou Keïta na Bamako ta ƙasar Mali ya isa misali. Ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen birni cikin adonsu, kuma ya adana dubban dodannin hotunan da ya ɗauka. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a birnin New York na Amurka, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Masu bincike suka bi sawu har Bamako, suka same shi da ransa, dodanninsa kuma suna nan lafiya lau. A 1994 aka baje kolin aikinsa shi kaɗai a birnin Faris, kuma kafin rasuwarsa a 2001 sunansa ya zaga duniya. Ba don dodannin nan ba, da shi da mutanen Bamakon wancan zamani sun shuɗe ba labari. Babu wani dalili na zaton cewa masu hoton Sabon Garin Kano, ko na Zariya da Gusau da Damagaram, ba su ɗauki irin wannan taska ba. Abin da ya rage shi ne a nemi waɗanda suka saura a cikinsu, ko magadansu, a tambayi inda kwalayen suke.

Hoto ba suna

Ko da an tsare takarda da dodo, hoton da ba a san mutanen da ke cikinsa ba ya riga ya mutu rabi. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Wanda aka ɗauka ya san kowa a hoton, don haka bai ga dalilin rubutawa ba. 'Ya'yansa sun san rabi. Jikokinsa sun san mutum ɗaya. Idan aka kai ga tattaɓa-kunne, sai a ce "wasu mutanen dā ne", daga nan kuma sai kwandon shara, domin ba mai ɓata wuri da hoton baƙi.

A ƙasar Hausa matsalar ta ninku saboda al'adar sakaya suna. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta faɗin sunan surukanta, kuma yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai a kira shi Abba ko Baba ko Maikano har ya tsufa. Gida guda yana iya samun Inna uku da Goggo huɗu. Mutum yakan girma a hannun kakarsa, ya yi mata jana'iza, bai taɓa jin sunanta na yanka ba. Saboda haka rubuta "Goggo" a bayan hoto bai wadatar ba. Wajibi ne a haɗa sunan yanka da laƙabi, da sunan uba, da garin asali, da dangantakar mutumin da maigidan. Idan hoton taro ne, a jero sunayen daga dama zuwa hagu ko daga hagu zuwa dama, a kuma faɗi ta inda aka fara.

Shekara ma haka. Tsofaffi ba su cika riƙe lissafin shekarun Bature ba, amma suna riƙe da abin da ya faru. Wannan ba cikas ba ne ga wanda ya san tarihin ƙasarsa. Idan tsohuwa ta ce an ɗauki hoton "shekarar da motoci suka koma hannun dama", 1972 ke nan. "Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira", 1973. "Shekarar da aka kashe Murtala", 1976, wadda ita ce kuma shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. "Shekarar da aka canza launin kuɗi a mulkin soja", 1984. Mai rubutu ya rubuta maganar tsohuwar kamar yadda ta faɗa, sannan ya sa shekarar a gefe. Maganar tata ita ce hujja, lissafinsa kuwa fassara ce da wani zai iya gyarawa.

Abin mamaki shi ne wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu sukan rufe aikinsu da ambaton sunan littafin da sunan wanda ya kwafa, wani lokaci har da wanda aka kwafa dominsa. Su sa takardun a cikin tadarishi, su ɗaure, su zura a gafaka, su rataye nesa da ƙasa. Da haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suka kawo yau, bayan kusan shekara ɗari biyu ko fiye, a cikin wannan zafi da wannan gara. Al'ummar da ta iya wannan ba za ta ce hoton shekara hamsin ya gagare ta ba. Abin da ya hana shi ne ba a ga hoton da wannan daraja ba.

Wajen rubutun, a guji biro, domin tawadarsa tana ratsa takarda, kaifinsa kuma yana fitowa ta fuskar hoton. Fensir mai laushi ya fi, a rubuta a gefe ba tare da dannawa ba. Hotuna masu launi da bayansu ke da santsi ba sa karɓar fensir sosai, sai a ba kowanne lamba, a rubuta bayaninsa a jikin ambulan ko a wani littafi na musamman.

Wurin ajiya

Masana adana kayan tarihi sun yi ittifaƙi cewa hoto yana son wuri mai sanyi, busasshe, mai duhu, inda laimar iska ke tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Yanayin ƙasar Hausa ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a Sakkwato da Maiduguri, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa abin ya fi haka. A watan Agusta laima takan cika ɗaki, danƙon fuskar hoto ya yi laushi, hotuna su manne da juna ko da gilashin firam, fumfuna ta kama su. Da yake danƙon daga jikin dabba yake, abinci ne ga kyankyaso da sauran ƙwari. Hoto mai launi ya fi baƙi-da-fari rauni, domin rini ne ke riƙe da surarsa ba azurfa ba, kuma rinin ba ya dushewa lokaci guda. Shi ya sa hotunan shekarun 1970 da 1980 da yawa suka koma ja-ja. Tsohon fim kuma idan ya fara ruɓewa yakan yi wari mai tsami, ya lanƙwashe. Wanda ya kai wannan hali a ware shi daga sauran, a gaggauta kwafe shi.

Gidan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki bai rasa abin yi ba. Ƙuryar ɗakin ƙasa mai rufin soro ta fi ɗakin kwano sanyi da daidaiton yanayi. A sa hotuna a akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan wani abu da zai raba shi da ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke duka, nesa da randa da madafa. A raba hotuna da farar takarda mai tsabta, ban da jarida, wadda ke rina duk abin da ta daɗe a jikinsa. Kada a ɗaure su da roba ko a maƙale su da ƙarfe mai tsatsa, kada a haɗa su da turare, kada kuma a fesa musu maganin ƙwari. Dodo a kama shi ta gefe, a sa shi a ambulan dabam, kuma ya fi kyau a ajiye shi a wani gida dabam da inda hotunan suke. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta shanye unguwanni da dama a Maiduguri cikin dare ɗaya. A irin wannan rana, abin da ke wuri ɗaya tare yake tafiya. Idan kuwa ruwa ya riga ya taɓa hotuna, a raba su tun suna jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya su a inuwa fuskarsu na kallon sama. Rana ba ta gyara hoto.

Akwai gyare-gyare guda biyu da suka zama garin neman gira a rasa ido. Na farko shi ne manne hoto a cikin leda da zafin na'ura, kamar yadda ake yi wa katin shaida. Ledar ba ta ɓantaruwa sai da fuskar hoton, don haka duk ɓarnar da ta biyo baya ba ta da magani. Na biyu shi ne albam mai shafuka masu danƙo, wanda bayan 'yan shekaru yake riƙe hoto gam, ya bar masa layi-layi masu ruwan ƙasa.

Wayar hannu ta zo da nata ruɗin. Mutane da yawa sukan ɗauki tsohon hoto da waya, su ga ai an gama, su yi sakaci da na asalin. Kwafe hoto a na'ura abu ne mai kyau ƙwarai, musamman idan an yi shi da kyau, kamar ɗigo 600 a kowane inci, aka kuma ajiye kwafin a wurare biyu ko uku. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiyarta yana lalacewa ba sallama, WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa inganci idan aka tura shi yadda aka saba. Wanda yake da kaset ɗin bidiyon bikinsa na 1995 ya san wahalar neman na'urar da za ta nuna shi a yau, alhali hoton takarda na 1955 ido kawai yake bukata. Sannan ga manhajojin da ke "gyara" tsohon hoto su sa masa launi. Waɗannan ƙirƙira suke yi a inda suka ga giɓi. Suna iya ɗaukar tsagar fuskar tsoho a matsayin ƙarzuwar takarda su shafe ta, su mayar da baƙin saƙi kore. Wanda ya so ya yi don nishaɗi, amma ya ajiye na asali yadda yake.

Wa zai riƙe?

Ranar rabon gado ce ranar da hotuna suka fi watsewa. Ana lissafa gida da gona da tufafi, amma hoto ba shi da farashi, saboda haka ba ya shiga lissafi. Kowa ya zari wanda ya ga fuskarsa a ciki, sauran a bar su a ɗakin da za a ba wani haya. Abin da ya fi dacewa shi ne iyali su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, namiji ko mace, su damƙa masa tarin gaba ɗaya a matsayin amana, a yi wa sauran kwafi. Tarin da ke haɗe yana bayyana kansa, domin fuskar da ba a gane ba a wannan hoto ana iya gane ta a wancan.

Wasu gidaje kuwa da gangan suke ƙona hotunan mamaci, bisa fahimtarsu ta addini. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara, kuma ba aikin wannan muƙala ba ne ta yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da za a iya cewa shi ne, rataye hoto a bango don girmamawa dabam, ajiye shi a rufe cikin akwati don sanin dangi da nasaba dabam, kuma ya kamata mai niyyar ƙonawa ya tambayi malaminsa wannan bambanci kafin ya ƙyasta ashana, tunda abin da ya ƙone ba ya dawowa, kuma ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba. Haka nan hotunan iyaye mata na zamanin ƙuruciya, waɗanda shigarsu ta saɓa wa ta yau. Sirrin gida ne, a rufe su a tsakanin muharramai. Yaɗa su a Facebook ba da izini ba cin amana ne, yaga su kuma asara ce.

Malamin Hausa yana da rawar da zai taka a nan fiye da kowa, domin darasin al'ada da na adabin baka duk suna tura ɗalibi gida ya yi tambaya. Ana iya ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya nemo tsofaffin hotuna biyar a gidansu, ya zauna da wanda ya fi kowa shekaru, ya rubuta wane ne wannan, ɗan wane ne, a ina aka ɗauka, a wace shekara, da wane dalili, da sunan kowace tufa da ke jikinsa. Ba sai ya kawo hotunan makaranta ba, bayanin ake so. Ɗalibin kuma shi ya fi kowa dacewa da aikin, saboda jika abokin wasan kaka ne. Abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa ɗanta ba don kunya, takan faɗa wa jikanta cikin raha. Idan aka zo kan hoton mijinta ta ƙi kama suna, sai jikan ya wuce wurin ƙanwar marigayin ko wani tsohon abokinsa, ya cike gurbin.